Yadda za ka kula da kekenka a garin Bauchi, kuma kar a ɗauke maka shi

Tun ranar 29 ga watan Mayu 2023 da aka ce an cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, na tura mashin ɗina zaure na lulluɓe shi da buhu na koma hawa keke, kullum daga Yelwa zuwa wajen Wunti inda nake aiki, safe da yamma. Keken da nake hawa yanzu shi ne na biyu. Na farkon, wani baƙin Phoenix mai kariya da ƙararrawa, wata huɗu kacal ya yi a hannuna.

Magariba ce ta kama ni a hanya na tsaya wani masallaci na bakin titi, na kafe shi jikin katanga na murɗa ɗan makullin nan da yake zuwa manne a tayar baya, na zare ɗan makullin na sa a aljihu na shiga sahu. Raka'a uku ce fa. Ina fitowa wajen wayam. Wani dattijo mai sayar da goro a gefe ya ce min "ɗana ai na ga wani yaro ya ɗaga shi cak ya sa a bayan Keke Napep, wallahi na ɗauka nasa ne ya lalace". Haka na tako da ƙafa har gida, hannuna a aljihu ina juya makullin, kuma har yau yana nan cikin akwatina. Abun ya yi min ciwo sosai don bashi na ci na cika kuɗin keken, shi yasa duk wanda na gani ya sayi keke sai na tsare shi da wannan maganar.

Toh bari mu fara da kulle ɗin, tunda sai keke yana nan ake maganar gyaransa.

Makullin tayar baya ɗin nan abun da yake yi kawai shi ne ya hana taya juyawa, bai hana a ɗaga keke ba, kuma keke ba nauyin kirki gare shi ba, yaro ɗan shekara sha biyar zai saɓa shi a kafaɗa. Saboda haka duk kullen da bai haɗa keke da wani abu kafaffe ba, ka ɗauka ba ka kulle ba. Sai kuma na wayar nan mai rufin roba kala-kala da ake sayarwa a shagunan kayan keke, ka ganshi da kauri kamar abun arziki amma in ka yanka robar za ka ga wayar ciki ba ta fi ta birki kauri da yawa ba, filaya mai kaifi ma tana gama da shi. Mai lambobi kuwa in guda 3 ne lissafinsa gaba ɗaya 1000 ne, mai haƙuri zai zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya, in guda 4 ne 10,000, amma masu arhar ko ba a bi lissafi ba in aka ja wayar da ƙarfi ana juya lambobin a hankali ana jin inda suke faɗawa. Ni irin wannan ban yarda da shi ba sai dai a matsayin na biyu, a ɗaure tayar gaba ko sirdi da shi.

Abun da nake amfani da shi sarƙa ce da kwaɗo. Ka je wajen masu sayar da kayan gini ko kayan ƙarfe ka nemi sarƙa wadda kaurin ƙarfen kowane zobe ya kai milimita 8 ko sama, ka duba da idonka cewa bakin kowane zobe a like yake da walda ba wai lanƙwasa shi kawai aka yi ba, don wadda aka lanƙwasa da sukudireba babba ma ana buɗa ta. Tsawon mita ɗaya ya isa, in ta wuce haka nauyi ne kawai za ka yi ta ɗauka. Kwaɗo kuma kar ka yi masa rowa, babu amfanin sarƙa mai kauri da ɗan kwaɗon akwati a bakinta, ɓarawo ba sarƙar zai taɓa ba kwaɗon zai buga. Nemi mai nauyi a hannu, mai gajeren wuya mai kauri, wanda aka buga kalmar Hardened a wuyan, in ka samu wanda jikinsa ya rufe wuyan ta gefe da gefe ya fi, don almakashin ƙarfe ba zai samu wajen kamawa ba. Sai ka samu tsohon tub ka zura sarƙar a ciki, ba za ta kankare maka fenti ba kuma ba za ta dame ka da ƙara a hanya ba. Akwai kuma kwaɗon nan mai siffar harafin U da yake zuwa cikin kayan gwanjo wani lokaci, in ka dace da shi da makullinsa ka saya, yana da kyau ƙwarai.

Yadda ake ɗaurawa shi ma abun lura ne. Sarƙa ta bi ta cikin bodin keken, wato cikin kusurwar nan ta ƙarfe, ta ratsa tayar baya, sannan ta zagaye abun da za ka ɗaure a jiki. Kar ka ɗaure tayar gaba kaɗai, noti biyu ne, sifana mai lamba 15 ta kwance su a tafi da keke a bar maka taya. Masu keken giya 'yan Baljiyam ku kun fi shiga haɗari a nan, da yawansu tayar da sirdin wani ɗan hannu ne ake ɗagawa kawai su fita ko sifana ba a buƙata, in naka haka yake ka sa mai gyara ya canza maka zuwa noti. Ka matse sarƙar kar ta yi sako-sako, kuma kar kwaɗon ya kwanta a ƙasa, in yana ƙasa an samu maƙera kenan, a ɗora shi kan dutse a ba shi guduma biyu. Ya zama yana rataye a sama, bakin makullin yana kallon ƙasa saboda ruwa da ƙura.

Sannan ka dubi abun da kake ɗaurewa a jiki. Na sha ganin an ɗaure keke a guntun turke wanda in ka ɗaga keken sama sarƙar za ta zare ta kai, ko a sandar rumfa da hannu ɗaya zai tuge. Ƙarfen taga, ƙarfen da aka dasa da siminti, bishiya mai kauri, su ne abun nema. Falwayar wuta kuwa in ka ga wayoyi na lilo a jikinta ka nisance ta musamman da damina. Kuma wajen ya zama idon mutane, kusa da mai shayi ko mai shago ko mai faci wanda yake zaune a wajen koda yaushe, ka yi masa sallama ka ce "malam ga kekena nan dan Allah a sa min ido", wannan kalmar kaɗai tana aiki don yanzu ya san fuskar mai keken, da na yi wa baba mai goro haka da ba a ɗaga shi a gabansa yana kallo ba. A kasuwa irin Muda Lawal ko Wunti ko Central in akwai masu gadin abun hawa ka biya ka karɓi shaidarka, amma duk da haka ka kulle. Ranar Juma'a da ranar ɗaurin aure da wajen jana'iza su ne wuraren da aka fi sakaci, kowa hankalinsa na wani waje. In ka makara sallah gara ka rasa raka'a ɗaya ka ɗaure keken da kyau, sai ka rama ta bayan liman ya sallame da hankalinka a kwance.

Da dare kuma zaure ba ɗaki ba ne. Shigar da shi tsakar gida, in gidan haya ne mai mutane da yawa ka kai shi ɗaki ko ka sa mai walda ya dasa maka zoben ƙarfe a bango ka riƙa ɗaurewa.

Akwai wani aiki na minti biyar da ya kamata ka yi yau ɗin nan. Kifa keken ka duba ƙarƙashin inda feda take juyawa, yawanci nan ake buga lambar bodi, wasu kuma a ƙarƙashin sirdi ko kusa da notin tayar baya, ka rubuta ta ka ɗauke ta hoto, ka ɗauki keken hoto gefe biyu har da duk wani tabo ko walda da ke jikinsa. Ka rubuta sunanka da lambar wayarka a 'yar takarda ka naɗe a leda, ka zare sirdi ka jefa cikin bututun. Rasit ɗin saye ka adana shi. In ƙaddara ta faɗa, da waɗannan za ka je ofishin 'yan sanda da wajen mai unguwa da 'yan sintiri, ka zagaya wajen masu gyaran keke da dillalai ka nuna musu hoton, ka sa a guruf ɗin unguwa na WhatsApp. Kuma dan Allah in ka ga kekenka a hannun wani kar ka yi ihun ɓarawo, mun san abun da taron mutane ke yi in aka yi wannan ihun, kuma sau da yawa wanda ke kai saya ya yi bai sani ba. Ka bi shi a hankali ka nemi hukuma. Kai ma in za ka sayi na hannu, wanda aka kankare lambarsa ko aka yi masa sabon fenti aka karya kuɗinsa ƙasa sosai ba rasit ba shaida, bar shi.

Toh sai gyara. Mafi yawan abun da na sani wajen wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu na koya, tun zamanin da ake haɗa Rali a Kano yake wannan sana'ar, in na kai masa keke ba ya bari in tafi sai ya ce "zauna nan ka gani, gobe ba sai ka zo ba".

Iska ita ce farko. Keke in iskarsa ta yi ƙasa nauyinsa ninkuwa yake, ka yi ta haƙi kana zargin ƙafarka, kuma da ka faɗa rami rim zai cije tub ya huda shi waje biyu gefe da gefe, in ka ga irin wannan hujin ba ƙaya ba ce rashin iska ne. A gefen kowace taya an rubuta girmanta da yawan iskar da take ɗauka, manyan kekuna irin Phoenix da Rali da Hero 28 ne, na giya yawanci 26. Kowace safiya ka danna da babban yatsa, in ta shiga da sauƙi a ƙara. Amma da bazara wajen Maris da Afrilu kar ka cika ta tam sannan ka bar keken a rana kan kwalta, iska tana kumbura in ta ji zafi, kana zaune sai ka ji fam. In za ka sha iska wajen mai faci da injinsa ka tsaya a kansa, injin na mota ne, tub ɗin keke cikin daƙiƙa kaɗan yake cika. Bawul kala uku ne, akwai na da mai 'yar roba a ciki, akwai mai kauri irin na mashin da mota, akwai siriri dogo na keken tsere, ka san naka kafin ka sayi famfo. In keken na da ne kuma kullum da safe ka tarar ya sace ba ka ga huji ba, ka shafa yawu a bakin bawul, in ya yi kumfa 'yar robar ce zafi ya cinye, canza ta kawai, ba sai an taɓa taya ba.

Faci kuwa kowa ya kamata ya iya, don ƙayar tsidau da ta aduwa da guntayen waya da kwalba ba sa tambayar ko akwai mai faci kusa, musamman in kana ratse ta hanyoyin gona ko gefen titi inda shara ke taruwa. Ka ɗaga gefen taya da bayan cokali guda biyu, ban da sukudireba don ita da kanta take ƙara wani hujin. Zaro tub ka ɗan hura ka tsoma a ruwa kana juyawa har ka ga inda kumfa ke fita, in babu ruwa ka kara shi kusa da leɓenka za ka ji iskar. Sa alama, goge ya bushe, kankare wajen da samfefa ya ɗan fi facin faɗi, shafa sholisho siriri. Nan ne kowa yake kuskure, gaggawa. Baba mai gyaran keken yakan ajiye tub ɗin a gwiwarsa ya ɗauko goro ya ɓare ya ci ya gaisa da masu wucewa, sai sholishon ya daina sheƙi ya bushe kamar minti biyar sannan ya manna facin ya murje shi da gindin sifana daga tsakiya zuwa gefe. In ka manna yana ɗanye kafin ka kai unguwar Gidan Mai ya ɗaga. Kafin ka mayar, ka zagaya cikin tayar da yatsu a hankali ka nemo ƙayar da ta yi ɓarnar, in ba haka ba tana nan tana jiran tub ɗin, ka kuma duba ƙyallen da ke rufe kawunan sifok, wato wayoyin taya, a cikin rim, in ya yage ka yanko tsohon tub ka shimfiɗa. Ɗan hura tub kaɗan kafin ka saka shi don kar ya naɗe, ka fara da bawul, ka ƙarasa mayar da taya da hannu.

Kaca ita ce aka fi zalunta a garin nan. Mutum ya je wajen bakanike a ba shi baƙin mai ya kwarara mata har yana ɗiga, gobe ƙurar hunturu ta manne ta zama kamar kwaɓaɓɓen yashi tana cin kacar tana cin haƙoran firiwil, wato faifan tayar baya da kaca ke hawa, ga bakin wando ya ɓaci. Baƙin mai da ma akwai garin ƙarfe a cikinsa. Ka wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka bari ta bushe, sai ka ɗiga sabon man inji ko man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda baya sau da yawa ya shiga ciki, sannan ka kama ta da tsumma ka goge na wajen tas. Man da ke ciki shi ke aiki, na waje ƙura kawai yake kira. Da hunturu mai kaɗan gogewa da yawa, da damina kuma duk ranar da ruwa ya dake ka ka goge ka sake ɗigawa kafin tsatsa ta kama. A keke mara giya in ka danna tsakiyar kaca ta yi wasa kamar rabin inci, in ta fi haka za ta riƙa zamewa, ka sassauta notin tayar baya ka ja ta baya kaɗan ka tabbatar tayar ta zauna a tsakiya. Kuma kaca tana tsufa, ari tef ɗin tela ka auna, cikakkun gaɓoɓi 12, wato ta ciki da ta waje a haɗe su ne ɗaya, inci 12 ne daidai a sabuwa, in ka ga sun wuce da ɗaya bisa goma sha shida na inci lokacin canza ta ya yi, in ka ƙyale ta ta kai ɗaya bisa takwas sai ka sayi firiwil tare da ita.

Birki ba abun wasa ba ne a titin da kake gogayya da 'yan Keke Napep da masu mashin da ke tsayawa ba sigina. In ka matse hannun birki har ya taɓa kan keke to ya yi sako-sako a ɗaure shi. Robar birki in zanen jikinta ya shafe a canza, kuma ta riƙa kama rim ba gefen taya ba, in tana gogar taya wata rana za ta farka ta. Wayar birki in ta fara tsintsinkewa ko da sili biyu ne kar ka jira. Mai kar ya taɓa rim ko kaɗan. Masu manyan kekuna ku sani rim ɗin ƙarfe mai sheƙin nan in ya jiƙe birki ba ya kamawa da wuri, in ana ruwa ka fara matsawa tun daga nesa. Kan yashi ko a kwana kuma kar ka damƙe na gaba shi kaɗai.

Sirdi ka daidaita shi yadda in ka ɗora diddige kan feda tana can ƙasa ƙafarka za ta miƙe, yawancin ciwon gwiwar da ake kuka da shi sirdi ne ya yi ƙasa, amma akwai layi a jikin ƙarfen da ba a so a zaro shi ya wuce nan. Fedar hagu zarenta a juye yake, in za ka kwance ta ɓangaren da ake ɗaure sauran notuna za ka murɗa, mutane da yawa sun lalata zare a nan. Kotafin, wato ƙusar da ke riƙe hannun feda, in ya fara ƙas-ƙas kar ka ce da noti za ka ja shi, zaren zai tsinke, ana buga shi ne da guduma ya zauna sannan a ɗaure notin.

Abun da ban taɓawa da kaina shi ne ɗaurin sifok da boris, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da taya da wuyan keke ke juyawa a kansu. In taya ta fara rawa tana gogar birki gefe ɗaya, ko sifok ɗaya ya karye, kai wa mai gyara da wuri kafin sauran su biyo shi rim ya karkace. Ka kama taya ka girgiza ta gefe da gefe, ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas boris ne ke neman ɗauri ko giris. Ni sau biyu a shekara nake kai wa baba ya buɗe ya wanke ya cusa sabon giris, bayan damina da bayan hunturu. Kuma kar ka kai keke wajen wankin mota a sa masa ruwan injin nan mai ƙarfi, yana kore giris ya bar ruwa a ciki, bokiti da omo da tsumma sun isa. Shi ma kwaɗon yana son kulawa, in ƙura ta sa makulli ya fara cijewa ka goga bakin fensir a jikin makullin ka zura ka zare sau da yawa zai saki, kuma ɗaya makullin ya zauna a gida kar ka haɗa su a zobe ɗaya.

A 'yar jakar da na ɗaure ƙarƙashin kariya akwai ƙaramin famfo, faci da sholisho da guntun samfefa, cokali biyu, sifana 15 da 10, tsumma, da leda da nake rufe sirdi in hadari ya haɗo. Sai 'yar tocila mai caji da nake ɗaurawa a kan keke da roba, da jar fitila ƙarama a baya, don in na taso bayan isha'i hanyar Yelwa akwai wuraren da duhu ne sosai kuma mai mota ba ya ganin baƙin keke sai ya zo dab. Jakar ba na barinta a jiki in na kafe keken, da ita nake shiga duk inda zan shiga.